APRS: ina tura wurina ta rediyo amma ba na fitowa a taswira

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah masu ilimin rediyon sha'awa ku taimaka min. Na samu lasisina da alamar kira mai farawa da 5N, na sayi Baofeng UV-5R na haɗa ta da waya da igiyar sauti, na saka APRSdroid, manhajar waya ta APRS, wato tsarin tura wurin da kake ta rediyo. In na danna tura ina ganin jar fitilar rediyon ta kama, har na kunna wata rediyon a gefe na ji ƙarar nan krrrt ta fita, amma in na buɗe taswirar aprs.fi a intanet babu ni babu alamata, kwana 4 kenan wallahi abin ya dame ni. Ina kan mita 144.390 MHz kamar yadda na gani a wani bidiyo.

Baba_Eriya:
Wa alaikumus salam ɗana. Da farko dai 144.390 ta Amurka ce da Kanada, mu nan a rabon mitocin rediyo na duniya muna yanki na 1 tare da Turai, 144.800 za ka koma. Amma ko ka gyara wannan ba lallai ka fito ba, saboda rediyonka ba ta san wata intanet ba, ita dai ta jefa saƙo a iska ne, alamar kiranka da lambobin GPS, sai in akwai wanda ya ji. Mai jin nan iri biyu ne, akwai tashar da ke kan tsauni ko dogon ƙarfe tana maimaita saƙon ya ƙara nisa, akwai kuma iGate, ita ce ke ɗauka daga iska ta zuba a intanet. To in babu iGate a inda muryarka ke kaiwa kamar ka yi sallama a kango ne. Marigayi Bob Bruninga WB4APR da ya ƙirƙiro tsarin, ya rasu a 2022, shi don mutanen yanki ɗaya su san inda juna suke ya yi shi, taswirar intanet daga baya ta zo. Buɗe taswirar ka duba kilomita 50 kewaye da kai ka faɗa min me ka gani.

Sabon_Shiga:
Baba na duba, wayam, ko tasha ɗaya babu.

Mai_Gyaran_Waya:
Malam ka kula da VOX ma, wato saitin da ke sa rediyo ta fara turawa da kanta in ta ji sauti, Baofeng tana jinkirin buɗewa sai ta cinye farkon saƙon, kuma saƙon a saurin 1200 baud yake tafiya, in ɗan guntu ya ɓace shikenan an zubar da shi gaba ɗaya. Ka ƙara tsawon sautin share fage a saitin, ka rage ƙarar wayar zuwa rabi. Ni sai da na yi sati a kan wannan.

Baba_Eriya:
Tunda wayam ne to kai za ka fara. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da ɗan RTL-SDR mai kama siginar rediyo da manhajar Direwolf mai karanta saƙon, eriya a saman rufi, batir da sola saboda wuta, ka samu iGate mai saurare kawai. Kafin nan gwada tashar sararin samaniya ISS a 145.825, ita ma tana maimaita saƙon, a saitin hanyar saƙo ka rubuta ARISS, tana wucewa kamar minti 10 ne, ka fito fili da eriya mai kyau in na'urarsu a kunne take. Sai dai ɗana ina roƙonka kar ka riƙa tura wurinka daga ƙofar gida ko ka bar shi a kunne kana kan hanya da iyali, taswirar nan kowa na iya buɗewa ba sai mai lasisi ba.

Sabon_Shiga:
Na gode Baba Allah ya saka. ISS za ta wuce gobe bayan Asuba, zan hau sama da rediyon.