Labarin kakanni 'yan Ayalan da buga littafi da kanka: abin da marubuta suka ba da shawara

Wata marubuciyar labaran binciken kisan kai, jikar 'yan Ayalan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, ta nemi shawarar 'yan'uwanta marubuta. Tana son gina littafinta kan tarihin gidansu, ta kuma buga abinta da kanta.

An fi daɗewa a kan maganar bincike. Yunwar da ta faro a Ayalan a 1845, da cuta ta lalata dankali, ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, wasu da dama suka tsallaka teku. Sai dai gobarar 1922 a ma'ajiyar takardun gwamnati ta Dublin, babban birnin Ayalan, ta cinye yawancin bayanan ƙidayar jama'a ta 1821 zuwa 1851. Don haka aka ce ta fara da ƙidayar 1901 da 1911, suna intanet kyauta, sannan rajistar baftisma ta cocin Katolika. Wani ya ja kunnenta: kada ta sauke jarumarta a Ellis Island, tashar karɓar baƙin haure ta New York, a zamanin yunwa, domin sai 1892 aka buɗe wurin. Masu karatu ba sa yafe irin wannan kuskure.

Batun kuɗi kuwa, Amazon KDP, dandalin buga littafi da kanka, na biyan marubuci kashi 70 idan farashin littafin intanet ya faɗa tsakanin dala 2.99 da 9.99. Tsarinsu na KDP Select kuma, ga wanda ya zaɓi shiga, yana ɗaure littafin na kwana 90, ba za a sayar da shi na intanet a wani wuri ba. A kan shiga wannan tsari aka rabu biyu. Ni dai ina tare da masu cewa ta biya edita tun kafin ta damu da bango.