Bogenbiliyata sai ganye take, ta ƙi yin fure

Maman_Fulawa:
Salam jama'a, don Allah masu harkar fulawa ku taimaka min. Ina da bogenbiliya (shukar adon nan mai ƙaya) a tukunya, ta yi kore shar, rassa sai tsawo suke amma ko fure ɗaya babu. Safe da yamma nake ba ta ruwa, na zuba mata kashin kaji, tana ƙarƙashin rumfa. Me ke damunta ne wai?

Mai_Lambu:
Wa alaikissalam Hajiya. Ai gata ne ya yi mata yawa wallahi, ita wannan sai ta ɗan sha wuya take fure. Ki fara fitar da ita daga rumfar nan, tana son rana ta dake ta aƙalla awa 6 kullum, asalinta fa daga Kudancin Amurka take, wajen Brazil, zafi ba ya ba ta tsoro. Ruwa kuma ki rage, ki tura yatsa cikin ƙasar, in kin ji danshi ki ƙyale ta, sai ta bushe har ganyen ya fara ɗan yaushi sannan ki ba ta sosai har ruwa ya ɗiga ta ramin tukunyar.

Danshuka:
Ni kashin kajin nan na fi zargi, sinadarin naitirojin ya yi yawa a ciki, shi kuma ganye yake sa wa ba fure ba. Takin yuriya ma haka. A dakata da taki tukuna.

Maman_Fulawa:
Na gode sosai. To in canza mata babbar tukunya? Na ga kamar ta matsu.

Mai_Lambu:
A'a kar ki taɓa ta, matsin take so, kuma saiwarta ba ta da ƙwari, ana girgiza ta wajen dashe sai ta zubar da ganye ta yi ta jinya. Abin da za ki yi shi ne ki datse kan dogayen rassan, don a sabon toho take fitar da fure, amma ki sa safar hannu, ƙayarta ba ta da mutunci. In ta fara fure ki duba da kyau, jan nan ko ruwan hoda mai kamar takarda ganye ne ya rikiɗa, ainihin furen ɗan ƙarami ne fari a tsakiya, yawanci uku uku.

Danshuka:
Rassan da kika datse kar ki zubar, ki zaɓi wanda ya ɗan yi ƙwari kamar santimita 15, ki cire ganyen ƙasa ki soka a yashi mai danshi a inuwa, bayan wata ɗaya zuwa biyu zai yi saiwa.