Me ya sa gam ɗin yuriya da fomaldehaid yake jinkirin kamawa?

Tambaya: 'Yan'uwa masana, tun da muka ƙara yuriya (sinadarin nan na takin zamani) a gam ɗin da muke haɗa falankin filawud da shi domin rage warin fomaldehaid (ɗaya sinadarin da ke cikin gam ɗin), sai ya daina kamawa da wuri, har ɓawon katakon yana ɗagowa a gefe idan an buɗe injin matsa. Mene ne dalili?

Amsa ta 1: Malam, wannan gam sai da tsami, wato asid, yake daskarewa. Amoniyam kulorayid, sinadarin da ake zubawa domin gam ya kama, yana haɗuwa da ragowar fomaldehaid da bai haɗu da yuriya ba ne ya fitar da asid, to da yake yuriyar da ka ƙara ta riga ta cinye ragowar, asid ɗin ya yi ƙaranci.

Amsa ta 2: Haka ne, amma a yi hattara da yawaita amoniyam kulorayid, domin asid ɗin da ya saura a cikin gam yakan ci gaba da warware shi idan laima ta shiga, warin kuma ya dawo. A ganina, ƙara lokacin matsawa ya fi aminci.

Amsa ta 3: Ƙara sinadarin melamin kaɗan a cikin gam ɗin yana taimakawa wajen jure laima.