Me zan karanta game da ƙarshen zamani da dawowar Almasihu?

Ɗan Wusasa: Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana. An ɗora mini jagorancin nazarin Littafi Mai Tsarki na matasan ikilisiyarmu a nan Zariya, kuma sun zaɓi batun ƙarshen zamani. Na fara da Ru'ya ta Yohanna, amma da na kai ga dabbar nan mai kawuna bakwai da ƙahoni goma a sura 13, sai kaina ya ɗaure. Ina roƙon ku nuna mini abin da ya kamata in karanta.

Dattijon Sabon Gari: Ɗana, ka shiga gidan ne ta taga. Ka koma ga maganar Yesu da kansa a Matiyu 24 da 25, ka haɗa da Markus 13, sa'an nan ka karanta 1 Tasalonikawa 4:13-18 da 1 Korantiyawa 15 a kan tashin matattu. Bayan haka ka zauna da littafin Daniyel, musamman sura 7, domin dabbobin da suka ruɗe ka a can aka fara ganin irinsu, kuma wanda bai san Daniyel ba zai sha wahala da wahayin da aka nuna wa Yohanna a tsibirin Fatmos. Wasu fassarorin Hausa suna kiran littafin Wahayin Yahaya, kada ka ɗauka littattafai biyu ne.

Malama daga Samaru: Baba ya yi gaskiya, sai dai in ƙara da cewa Kiristoci ba su taɓa zama baki ɗaya a kan mulkin shekara dubu da ke Ru'ya ta Yohanna sura 20 ba. Wasu sun ce Almasihu zai dawo kafin wannan mulki, wasu sun ce bayansa, wasu kuma, kamar Agustin na Arewacin Afirka, sun ɗauke shi a matsayin misalin zamanin ikilisiya da muke ciki. Koyarwar fyaucewa, wato cewa za a ɗauke masu bi zuwa sama kafin babban tsanani, wadda yawancinmu muka tashi da ita, John Nelson Darby ne ya yaɗa ta a ƙarni na 19. Idan kana karanta Turanci, nemi The Meaning of the Millennium na 1977, inda malamai huɗu suka kare ra'ayoyinsu suna amsa wa juna.

Dattijon Sabon Gari: Na manta abu ɗaya. Duk littafin da ya sanya wa dawowar Ubangiji rana, ajiye shi, domin Matiyu 24:36 ta ce Uba kaɗai ya san ranar. A Amurka mabiyan William Miller sun jira 22 ga Oktoba, 1844, gari ya waye ba abin da ya faru. Ba Likita Mila, ɗan mishan nan na Wusasa, nake nufi ba, kada matasanka su shafa wa bawan Allah laifin wani.