Gilashin zum ɗaya zai wadatar da matafiyi?

Ɗan Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da kyamara Nikon D5600 da gilashin da ya zo da ita, 18-55mm (ƙaramar lamba faɗi take ɗauka, babbar kuma tana jawo nesa). Ina so in sayi irin gilashin nan da ke ɗaukar kusa da nesa shi kaɗai, saboda hawan sallah a Zariya da kuma tafiya Kafanchan wajen ruwan Matsirga. Tsakanin 18-140, 18-200 da 18-300, wanne ya fi? Kuma da gaske ne hotonsu ba ya fita tas?

Mai Hoton Kawo:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ana zuzuta ta. Irin wannan gilashin ya fi kaifi daga 18 zuwa wajen 100mm. Da ka jawo shi har ƙarshe, gefunan hoto sukan yi laushi, wani lokacin ka ga jan layi ko kore a bakin farin rawani inda ya haɗu da inuwa. Maganinsa shi ne ka sa ƙofar haske a f/8 (lambar f tana ƙaruwa, ƙofar tana tsukewa), kada ka bar ta a buɗe duka. Kada kuma ka wuce f/11, don daga nan kaifin komawa baya yake yi.

A 18mm kuwa layuka lanƙwashewa suke yi. Ɗauki gaban Lugard Hall ko ƙofar fadar Zazzau a haka, za ka ga bangon kamar ya yi ciki. Ja baya kaɗan ka ɗauka a 24 ko 28mm, ko ka kunna gyaran lanƙwasa da ke cikin saitin kyamarar.

Babbar matsalar ma haske ce. Gilashin yana farawa da f/3.5, amma kafin ka kai ƙarshe ya tsuke zuwa f/5.6, shi kuwa ƙaramin samfurin 18-300 har f/6.3. Da rana tsaka ba za ka lura ba. Daga bayan la'asar sakaliya, sai kyamara ta rage saurin shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe lokacin ɗauka, hoto ya fito dishi-dishi, mutum ya ɗora wa gilashi laifin da hannunsa ne ya yi rawa. Sensar D5600, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, tana ninka lamba sau 1.5, wato 200mm tamkar 300mm ne. Don haka a ƙarshen zum kada saurin shota ya gaza 1/320 na daƙiƙa. VR, wato na'urar rage girgiza da ke cikin gilashin, zai taimaka da rawar hannu, amma ba ya tsayar da dokin da ke sukuwa. Wannan sai 1/1000. Sa kyamara a S, inda kai ke zaɓar saurin shota, kunna ISO (ƙarfin jin haske na sensa) mai sarrafa kansa, ka yi masa iyaka a 3200, sannan fokas a AF-C, mai bin abin da ke motsi.

Hajiyar Barnawa:
Ƙanena, ni abin da nake so ka duba shi ne ƙura. Filin hawa ƙura ce zalla, balle in sallar ta faɗo cikin hunturu. Duk lokacin da ka cire gilashi don sa wani, sensa a buɗe take, gobe ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a sararin sama na kowane hoto. Nan ne gilashi ɗaya ya fi biyu, ko da biyun sun fi shi kaifi. Kuma kafin ka gama musanyawa, tawagar hakimin ta wuce.

Sai dai shi ma zum ɗin iska yake zuƙa yana fesarwa idan yana fita yana komawa. Kada ka riƙa murza shi da ƙarfi cikin ƙura. Sa masa filta mara launi a gaba, 67mm ga 18-140, 72mm ga 18-200, ka bar hularsa, wato bakin robar da ake ɗaurawa a gabansa, a kai kullum. Da ka dawo masauki, fara hure shi da robar hura iska kafin ƙyalle ya taɓa shi. Goge gilashi da yashi a kai, da bakin riga, shi ne ke kawo ƙarcen da ba ya gyaruwa.

Matsirga kuma danshi ne da feshin ruwa. In kana son ruwan ya fito kamar auduga, sai ƙafar kyamara, shota 1/4, ISO 100, filtar rage haske, VR a kashe. Kada ka rufe shi a jaka da jiƙonsa, fumfuna ke kama shi daga ciki.

Malam na Tudun Wada:
Ban ƙi ta Hajiya ba, amma zan faɗi zaɓina kai tsaye: 18-140. Nauyinsa giram 490, ya fi sauran araha, ya kuma fi su kaifi. Kyamararka megafiksel 24 ce, in abu ya yi nisa ka yanke hoton daga baya, ba ka yi asara ba. Canjin da ya rage ka sayi 35mm f/1.8, giram 200 kacal, yana shiga aljihun kaftani. Hasken da yake shigarwa ya kusa ninka na f/5.6 sau 10, shi zai fishshe ka a wajen mai tsire da daddare ko cikin zaure. 18-300 sai in tsuntsaye kake bi a bakin kogin Kaduna.

In na hannu za ka saya, je da kyamararka. Kifa gilashin ƙasa ka gani ko zai zazzago da kansa. 18-200 na farko ya shahara da wannan, na biyun ne aka sa wa makulli a 18mm. Haska fitilar waya ta bayansa ka leƙa: ƙura ƙwaya biyu uku ba komai, amma zare-zare kamar yanar gizo fumfuna ce, ajiye musu abinsu. Tabbatar an rubuta AF-S ko AF-P a jikinsa, alamar yana da injin fokas nasa, don D5600 ba ta da injin fokas nata. Sannan ka ɗauki allon shago a f/8, ka buɗe hoton ka duba kusurwoyi huɗu, in ɗaya ta fi sauran laushi, gilashin ya taɓa faɗuwa ko ya goce.

Ɗan Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, filash ɗin kan kyamara fa, zai yi aiki da shi?

Malam na Tudun Wada:
Zai yi, amma cire hular tukuna. A 18mm tsawon gilashin yana tare hasken, sai ka ga baƙar inuwa mai kama da rabin faifai a ƙasan hoto. Jawo shi zuwa 24 ko 35mm, inuwar za ta ɓace.