Kusurwar da ke tsakanin bektoci biyu: yaya ake yi idan kosain ya fito ƙasa da sifili?

Hadiza:
Assalamu alaikum. An ba ni bektoci biyu (bekta adadi ne mai tsawo da kuma inda ya fuskanta), a = (2, 2, 1) da b = (−4, 0, 3), aka ce in nemo kusurwar da ke tsakaninsu ta hanyar ninkin ɗigo. Na ninka kowace lamba da takwararta, na haɗa: −8 + 0 + 3 = −5. Tsawon a ya kama 3, na b kuma 5. Da na raba −5 da 15, wato 3 × 5, sai kosain na kusurwar ya fito −1/3. Shin zan cire alamar debewar ne, tunda kusurwa ba ta sauka ƙasa da sifili?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Lissafinki daidai yake, kuma kada ki taɓa wannan alamar, domin kosain ne ya sauka ƙasa da sifili, ba kusurwar ba. Kusurwar da ke tsakanin bektoci biyu tana tsayawa ne tsakanin digiri 0 da 180, kuma da zarar ta haura digiri 90, dole kosain ɗinta ya ɗauki alamar debewa. Saboda haka amsarki ita ce kusan digiri 109.5. Idan kika cire alamar za ki samu 70.5, wadda ita ce ƙaramar kusurwar da ke tsakanin layukan da bektocin suke kwance a kai. Amma bekta yana da inda ya fuskanta, kuma wannan fuskantar ce alamar take sanar da ke. A ganina, duba alamar tun kafin rabawa shi ne mafi amfani: idan ninkin ɗigo ya haura sifili kusurwar tsukakkiya ce, idan ya zama sifili cif to digiri 90 ce.

Usman:
Ƙari a kan bayanin Malam, ki tabbatar kalkuletarki tana kan digiri, domin idan tana kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa na daban, za ta nuna miki 1.91. Haka kuma, duk lokacin da rabawar ta ba ki abin da ya wuce 1 ko ya gaza −1, akwai kuskure a lissafin, galibi wajen auna tsawo.

Hadiza:
Na gode, Allah ya ƙara basira. To idan ɗaya daga cikin bektocin (0, 0, 0) ne fa?

Malam Bashir:
A nan babu kusurwar da za a nema, domin tsawonsa sifili ne, ba a raba lamba da sifili, kuma bektan bai fuskanci ko'ina ba.