Abu na Biyar: Musayar Waƙa kan Sucker Punch

'Yar Gusau:
Salamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya, bayan yara sun yi barci, na sake kallon Sucker Punch, fim ɗin Zack Snyder na 2011, wanda Emily Browning ta fito a jarumarsa Babydoll. Karo na uku ke nan, har yanzu ƙarshensa na tsaya mini a wuya. Ga nawa baitocin, wanda ya kalla ya amsa.

Uwa ta rasu, ta bar wasiyya,
Ga 'ya'ya biyu ta bar dukiya,
Mijin uwa ya cika da ƙiyayya,
Ganin ba a ambaci sunansa ba.

Da dare ya taso yana huci,
Babydoll ta ɗau bindiga da ɗaci,
Harsashi ya kauce wa macuci,
Ƙanwarta ya samu, ba ta tashi ba.

Ya kai ta Lennox, gidan mahaukata,
A jihar Vermont aka kulle ta,
Ya sayi Blue, ma'aikacin gidan, da kuɗi a kanta,
Likita Gorski ba ita ta sa hannu ba.

Kwana biyar aka ɗiba mata,
A soka tsinke ta gefen idonta,
Ya taɓa ƙwaƙwalwa, ya shafe tunaninta,
Ta rayu, ba za ta tuna komai ba.

Sai ta lumshe ido, ga wata duniya,
Ƙanƙara na zuba a farfajiya,
Samurai uku, ƙatti, gaba ɗaya
Ta sare su, ko gezau ba ta yi ba.

Ku faɗa mini, 'yan uwa na zaure,
Wadda aka kulle kuma aka ɗaure,
Ta nemi mafita, ta ƙi ta daure,
Ashe ba ta kai a ce mata jaruma ba?

Bakatsine:
Yaya, na ji ki, ki ɗan saurara,
Hawa uku labarin aka tsara,
Asibiti a ƙasa, nan aka fara,
Daga nan ƙafarta ba ta fita ba.

Hawa na biyu gidan magajiya,
Blue na cinikinsu babu kunya,
Na uku fagen fama, wata duniya,
In kiɗa ya ɗauke ba za ki gan ta ba.

Sojan Jamus da tururi ke tuƙa su,
Gawawwaki ne a rami aka tashe su,
Na Yaƙin Duniya na ɗaya ne kayansu,
An karkashe su, ƙofa ba ta buɗe ba.

Kuma dubi shigar masu zuwa yaƙi,
Guntun siket da ya gaza rufe jiki,
Don idon maza aka yi wannan ɗinki,
Ni ban ga 'yancin mace a nan ba.

Uwar Biyu:
Ɗana Bakatsine, kan shigar ba ni da ja, shi ya sa ma ban bar 'yan matana sun kalla ba. Amma akwai abin da ka tsallake game da Babydoll da 'yan mata huɗun da ke kulle tare da ita.

Duk sanda aka ce ta taso ta yi rawa,
Maza su saki baki, miyau na zubowa,
Kyamara sai ta juya tana gujewa,
Ko taku ɗaya ba a nuna mana ba.

Lokacin ne Sweet Pea ke kwafar taswira,
Amber ta zare laita babu ƙara,
Daga aljihun magajin gari, ta tsira,
Sigarinsa a baki, bai farga ba.

Dodanniyar da ka ga tana aman wuta,
Duwatsu biyu aka ciro a wuyan ɗanta,
Fassararsu a fili ita ce laita,
Mafarkin nan bai tashi a banza ba.

Na taɓa zama a gidan da ba shiga ba fita,
Ina wanke-wanke, zuciya na can gun Innata,
Ina tara kuɗin mota a ƙasan katifata,
Da ban yi mafarkin ba, da ban fito ba.

Ɗan Damagaram:
Allah ya ƙara sutura, Inna. Jena Malone ce ta fito a Rocket, Abbie Cornish kuma yayarta Sweet Pea, wadda ta baro gidan iyaye ta bi sawun ƙanwar don ta kula da ita.

Ni dai a kicin na yi kuka,
Rediyo ya mutu, kuku ya farka,
Ya ga ana zare masa wuƙa,
Rocket ta tare, ba ta bar yayarta ba.

Bakatsine:
Inna, na sauko a batun rawa,
Amma mu ƙirga masu tserewa,
Su biyar ne, uku sun tafi kushewa,
Blue bai bar Amber da Blondie ba.

Dala miliyan 82 aka zuba,
Abin da ya dawo bai kai 90 ba,
Masu sharhi ba su raga masa ba,
Ni ma raina bai kwanta da shi ba.

'Yar Gusau:
Ƙanena, lissafin kasuwa daban, abin da ya hana ni barci daban. Ka ce mu ƙirga, to mu ƙirga tare.

Dattijon mafarkin Babydoll ya ce abu biyar za ki nema,
Taswira da wuta, wuƙa da mabuɗi ma,
Na biyar sirri ne, sadaukarwa mai girma,
Sunansa kuwa bai faɗa mata ba.

Ta soki Blue, ta fizge mabuɗin wuyansa,
Ta cinna wuta a cikin gidansa,
A bakin ƙofa ga dandazon baƙinsa,
Mutum biyu ba za su wuce ba.

Nan Emily Browning ta ɗago idonta,
Ta gane na biyar ɗin ita ce da kanta,
Ta nufi mazan, suka rufu a kanta,
Sweet Pea ta sulale, ba a gan ta ba.

Mai tsinke ya gama, jikinsa ya yi sanyi,
Don kallon da ta yi masa kafin ya yi,
Ya tambayi Gorski me ya sa aka yi,
Ta ce ba ita ta ba da izini ba.

Sai ga 'yan sanda, Blue na ihu,
Ya tona mijin uwa don ya samu sauƙi,
Ita ko tana zaune, fuska a sake,
Bai samu abin da ya so a gunta ba.

Ɗan Damagaram:
Yaya, baitinki na ƙarshe ya saki amsa-amo, amma ban ga laifinki ba, wurin ba ya barin mutum ya natsu.

Uwar Biyu:
Ku bar mini tashar motar da Sweet Pea ta isa, ni na san ta.

A tasha 'yan sanda suka tsare ta,
Ba tikiti, ba ko sisi a hannunta,
Direba ya ce tun nesa na ɗauko ta,
Ko kuɗin mota bai tambaye ta ba.

Scott Glenn ne, dattijon nan na farko,
Ya nuna mata kujera, ta shiga ta zauna can,
Ranar da na fito, gefen taga na samu,
Har muka bar garin ban waiwaya ba.